Tuwon Rumfar Inna Lami

Ranar wata Laraba ce a cikin watan Yuni, shekarar da nake aji huɗu a firamare, damina ta fara kankama. An tashe mu daga makaranta ana yayyafi, na riƙo hannun ƙanina Habu muka biyo lungunan Tudun Wada muna tsallake kwata, takalmana a hannu don kada laka ta cinye su. Yunwa nake ji kamar in ci babu, tun a aji hankalina yana kan ɗanwaken da Umma ta ce za ta yi mana. Muka shiga gida na yi sallama, ba wanda ya amsa. An fara sharar tsakar gida ba a gama ba, ga tsintsiya nan yashe a tsakiya, kwanukan karin kumallo kuma suna bakin rijiya ba a wanke ba, kaji sun hau kansu suna tsattsaga. Na nufi madafi. Murhu ba wuta. Na durƙusa na cusa hannu cikin toka, ko ɗumi babu, sanyi ƙalau.

Kada wani ya ce ai toka ce kawai. Shekarar da ta gabata, kafin a yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa Zariya, kakanmu ya rasu a ƙauyenmu. Ranar na ga rana ta yi ba a ɗora komai ba, ni kuma da rawar kai na kwaso kara zan hura wuta, sai kakarmu ta buge mini hannu ta ce, "Ke, ajiye! Ba a hura wuta a gidan mutuwa." Maganar nan ta zauna mini daram a zuciya. Murhun Umma kuwa ban taɓa ganin ya huce da rana ba, ko zazzaɓi take yi sai ta lallaɓa ta ɗora tukunya, in ya so ni in riƙa iza wuta tana gaya mini abin da zan zuba.

Ga shi mu baƙi ne a unguwar. Gidan haya muke, sashe biyu, kuma Maman Jummai da ke ɗaya sashen ita kaɗai Umma ta saba da ita. Na leƙa, ita ma ƙofarta da kwaɗo. Na dai san Umma ta yi nauyi a watannin nan, ƙafafunta sun kumbura, ni ke jan ruwa a rijiya, ni ke kai niƙa, ni ke wanke-wanke. Amma a gidanmu ba a wannan magana da yara. Sau ɗaya na taɓa tambaya, aka ce bakina ya girmi shekaruna.

Muna zaune a zaure Habu yana ta ƙananan koke-koke sai ga Baba ya shigo da kekensa. Wandonsa duk laka, kansa ba hula. Wallahi tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba a waje ba hula ba. Na ce, "Baba, ina Umma?" Bai dube ni ba, ya jingina keke ya ce, "Ta je unguwa." Haka aka ce wa ƙananan yara lokacin kakanmu, wai ya yi tafiya. Sai Baba ya ƙara da maganar da ta ƙarasa kashe mini jiki, ya ce mu wanke ƙafa mu sa takalma, za mu je mu ci abinci.

Sai wanda ya san Baba zai gane abin da wannan ke nufi. Mutum ne da ke cewa, "Magidanci ba ya cin abinci a titi, sai wanda gidansa ya mutu." Ko ƙosai ya ga mun tsaya ci a hanya, ranar sai kunnuwanmu sun yi zafi. Alhali Tudun Wada gari ne na masu abinci. Daga bakin lungunmu zuwa kasuwa akwai mai waina da kaskonta, akwai mai shayi da ke jera gwangwanayen madara kamar zai gina soro, akwai 'yan mata masu taliya da manja da yaji, da mai shinkafa da wake, da wata 'yar ƙabilar Ibo mai teba da sakwara wadda ta fi mu iya zagi da Hausa. Abinci ne na talaka, da ɗan abin da ke aljihunka za ka tashi da ciki fam. Teloli da makanikai da 'yan acaɓa da ɗalibai su ne masu cika bencinan. Kullum ni da Habu sai mu wuce muna haɗiyar yawu, ina cewa a raina in na girma sai na ci na kowa ɗaya bayan ɗaya. To ga ranar ta zo, ni kuwa ko ɗigon murna babu.

Rumfar Inna Lami ya kai mu, can bayan shagunan teloli. Rumfa ce ta tsohon kwano, da benci biyu da teburi mai gurguwar ƙafa da aka tokare da dutse. Inna Lami doguwa ce baƙa, goro ya rina mata haƙora, muryarta kuwa daga bakin titi ake jin ta. Tuwon masara take yi da na shinkafa, miyar kuka da ta taushe, kuma kowa sai ta tsokane shi kafin ta zuba masa. Baba ya zauna a ƙarshen benci ya ba titi baya, don kada wani abokin aikinsa ya gan shi. Da ta ga ni mace ce sai ta ce, "Malam, 'yar budurwa ba ta zauna cikin ƙarti ba," ta ja ni bayan zana inda tukwanenta suke, ta ba ni kujera 'yar tsuguno, ta ajiye mini malmala guda da miya har da tsoka.

Na gutsuri loma na kai baki. Hawaye suka fara ɗiga cikin kwanon. Inna Lami ta ajiye mara ta ce, "Ikon Allah! Yau ga wadda miyata ta sa kuka. Gishiri ne bai ji ba?" Ban san lokacin da na ce mata Ummata ta mutu ba. Ta ce wa ya gaya mini, na ce ba a hura wuta a gidanmu ba. Ta dube ni, sannan ta fita wurin Baba. Ina jin ta ta rage murya, abin da ban zaci tana iyawa ba. Da ta dawo ta tsuguna a gabana ta ce Umma tana asibiti, haihuwa ce ta zo da gardama har aka yi mata aiki, Maman Jummai ce ke jinyarta, kuma Baba ya ce da sauƙi.

Na ce ai kakanmu ma da sauƙi ake ta cewa har safiyar da ya rasu.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, wannan yarinya da kan tsiya take." Sai ta kama kafaɗata ta ce, "To saurara. Gidan mutuwa ba ya fita neman abinci, abinci ne ke zuwa ya same shi. Maƙwabta ne ke aikowa a rufe. Tun da kika ga ubanki ya tako da ƙafarsa ya kawo ku wurina, uwarki tana da rai. Ci tuwonki." Na tuna kuwa haka aka yi a ƙauye, kwanuka suka yi ta shigowa daga kowane gida. Na share fuska na cinye tuwon tas.

Kwanakin da suka biyo baya a titi muka rayu. Da safe koko da ƙosai a bakin kwalbati, da rana rumfar Inna Lami, da yamma Baba ya tsaya da mu wurin mai shayi kafin ya koma asibiti. Bai gaya wa kowa a unguwa ba, shi a ganinsa ba a shelar irin wannan lalura. Habu kam kakarsa ta yanke saƙa, har ƙiba ya yi, yana ta yi wa 'yan ajinsu burga wai shi yanzu a otal yake cin abinci. Ni kuwa na zama mai gadin kwanuka. A makaranta in an fita tara ƙawayena suna carafke da 'yar gala-gala a gindin dalbejiya, ni ina gefe ina roƙon Allah ya sa yau ma a kai mu rumfa. In muka shigo lungu na hango yarinya ɗauke da kwano a rufe, sai in bi ta da ido har sai ta wuce ƙofarmu. Wata rana wata ta tsaya daidai zaurenmu, ashe gammonta take gyarawa. Tsoro nake ji dare da rana, irin wanda ba ka da wanda za ka gaya wa. Sai na ga Baba ya ce mu sa takalma nake samun sauƙi. Shi kuma ba ya cin komai a rumfar, yana dai zaune har mu gama, ya karɓi kunun da Inna Lami ke damawa ta zuba a fulas don mai jiki.

Ranar da abin ya faru rana ake yi tarwai. Mun taso daga makaranta, tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, maza na zaune, Baba a tsakiyarsu kansa a sunkuye. Habu ya saki hannuna ya ruga ciki. Ni na tsaya a bakin zaure na leƙa. Takalman mata birjik a tsakar gida, kuma a jikin bango ga su nan a jere, langa da samira da kuloli, kowanne a rufe, ƙamshin miya ya cika gidan. Ban yi kuka ba, ban kuma shiga ba. Na juya da gudu, jakata na dukan bayana, ban tsaya ko'ina ba sai bayan zanar Inna Lami. Na zauna a kujerata ina haki na ce, "Inna, zuba mini tuwo." A wautata gani nake in dai na ci a nan, to ba a gidan mutuwa na ci ba, Umma tana nan ke nan.

Ta ce, "Ina ubanki? Ina ɗan'uwanki?" Na ce, "An kawo kwanuka."

Lokacin rumfar a cike take, maza na ta miƙo kwano ana kiran Inna ta kowane gefe. Ta sauke tukunyar da ke kan wuta, ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta ce wa mutanen kowa ya zuba da kansa ya ji tsoron Allah. Ta kama hannuna muka taho. Ta gaida maza, muka ratsa ta gaban kwanukan nan, ta ɗaga labulen ɗakin Umma ta tura ni gaba, ni kuwa na runtse ido.

Sai na ji an ce, "Balaraba, ina kika tsaya kika bar yaro ya shigo shi kaɗai?"

Muryar ta shaƙe, amma ta Umma ce. Umma na kwance a gado, ta rame ta yi fari fat, Maman Jummai na yi mata fifita. Na faɗa jikin gadon na ƙanƙame ƙafarta ina ihu, mata suna ta cewa in bi a hankali akwai ɗinki. Daga baya na ji abin da ya faru. Namiji ta haifa, ya yi 'yan kwanaki a asibiti, da safiyar ranar ya koma, ba a kai ga suna ba. Da Baba ya kira mutanen masallaci don a kai shi, a nan ne unguwa ta ji, kwanuka suka fara shigowa. Ashe maganar Inna Lami ba ta faɗi ƙasa ba, an yi mutuwa a gidanmu, ta ƙanin da ban taɓa gani ba. Ina murna ina kuka, Umma kuma tana shafa kaina, idonta na kan 'yan rigunan da ta ɗinka a ɓoye, suna ninke a kan akwati. Ko da na waiwaya Inna Lami ta koma wurin tukwanenta.

Yanzu in na bi ta wurin a keke napep, shagon sayar da waya nake gani a inda rumfar take. Tudun Wada ta cika da gidajen abinci masu ƙofar gilashi da fanka, ga masu indomi a kowace kwana, 'ya'yana ma daga ɗaki suke buga waya a kawo musu a leda, ba su san fuskar wadda ta dafa ba. Masu araha suna nan a bayan kasuwa, na kuma cika alkawarina na ci na da yawa daga cikinsu. Inna Lami ta daɗe da rasuwa, ban ma ji ba sai bayan an yi arba'in. Umma tana nan tare da ni, ta tsufa, kuma har gobe in ta ga jikokinta da abincin saye sai ta taɓe baki ta ce ƙazanta ce, wa ya san hannun da ya tuƙa. Ba na yi mata musu. Ni dai na san hannu ɗaya, kuma har yau ban ci tuwon da ya kwantar mini da hankali kamar nasa ba.