Takalman ƙofar Inna

Gidanmu na Agege tasha ne, ba gida ba. Duk wanda ya sauko daga ƙauyenmu neman aikin okada ko dako, wurin Baba yake fara sauka, kuma ba mai sanarwa. Inna ba ta taɓa tambayar mutum nawa ne a zaure ba. Leƙa ƙofa take yi, ta dubi takalman da aka tuttuɓe, ta koma ta ɗora tukunya.

A wannan hayaniyar nake koyon rubuta manhaja da yaren C++. Wani kamfani a Isolo ya turo mini gwajin ɗaukar aiki, Baba kuma ya riga ya yanke hukunci: in na faɗi, in tattara kwamfutar in bi kawuna kasuwar Mile 12 sayar da tumatir. Ni da ko warin kwandon ba na so!

Tambayar kamar wasa. Rubuta umarni guda da zai karɓi duk abin da aka miƙa masa, lamba ko kalma, ko guda nawa ne, ya faɗi adadinsu. Na bi doguwar hanya: ya cire ɗaya, ya ƙirga, ya sake kiran kansa a kan sauran. Da suka ƙare ya rasa abin cirewa, allo ya cika da jan rubutun kuskure. Na daki tebur.

Inna ta leƙo da muciya a hannu. “Kai da wa?”

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. “Yanzu wannan abin da ya cinye mana kai, ƙirge ma bai iya ba? Oga, tumatir na gaishe ka.”

Haushi ya sa na koma karatu daga farko. Ashe yaren yana da ’yar kalma, sizeof mai ɗigo uku, da ke ba da adadin tun kafin manhajar ta fara aiki. Layi ɗaya tak! In ba a miƙa komai ba, ta ce sifili, ba rigima. Na fito tsakar gida ina ihu.

“Inna, tun daga ƙofa take ƙirgawa, irin naki!”

“To, Allah ya shirye ta,” in ji Inna.

Na samu aikin. Zirga-zirga a motar haya ta danfo ta gallabe ni, na kama ɗaki a Isolo. Na yi murna, wallahi, don na huta da raba katifa da baƙi.

Kwanaki ƙanwata ta kira ni tana mita, wai kullum ita ake bari da ɗumame.

“Inna ta fara ɓata lissafi ke nan?” na tsokane ta.

“Ina fa, Yaya. Daidai take ƙirga takalman. Sai ta gama ta ƙara malmala ɗaya, ta ce taka ce.”

Ranar ban tsaya rufe kwamfuta ba, na nufi tashar danfo.