Jajayen Ɗigo a Zauren Baba

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da yammacin da na buɗe wa Baba kwamfuta a zaurensa.

A shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, gidaje da yawa a ƙauyenmu na gefen Dawakin Tofa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Ni kuwa ina jami'a, ina bincike a kan yadda ciwon daji yake yaɗuwa. Da lissafi muke gina jikin mutum a kwamfuta, mu dasa ciwon a wuri ɗaya, mu ga inda zai bi. Kwatsam abin ya sauka a gidanmu. Likita ya sami ƙullutu a nonon Inna, ya ce bai bar wurinsa ba tukuna, a yi tiyata da gaggawa.

Baba ya ce atafau. Daji ba ya son ƙarfe, in ji shi, kowa ya sani. Ya ambato matan unguwarmu da aka yi wa aiki, ba wadda ta ga wata daminar. A gwada na gargajiya har bayan kaka. Inna kuwa, da yake ni 'yar fari ce, ko kallona ba ta yi a kan maganar. Kwana biyu ina zuba masa boko, har na ce masa camfi ne. Ina da baki, ban musa ba, amma a lokacin tsoro ne ya cika ni.

Rana ta uku bayan la'asar, ya dawo daga gona, na ajiye kwamfutar a tabarmarsa. Na nuna masa jan ɗigo ɗaya a ƙirjin hoton mutum, na sa watanni suka riƙa wucewa. Ɗigon ya girma, ƙanana suka ɓalle suka bi ta hammata, wasu suka shiga jini, sai huhu, sai hanta. Na cire na ƙirjin, sauran suka ci gaba da girma abinsu.

"To, ga shi nan," in ji Baba. "An yanka, ya haukace."

"Baba, tun kafin a yanka suka tafi. Abin da ka gani a jikin matan nan gaskiya ne, a makare aka kai su."

Wannan ne karo na farko da na ce masa yana da gaskiya, sai na ga ya gyara zama. Na mayar da lokaci baya, na cire ɗigon tun yana shi kaɗai, hoton ya zauna fes. Ya tambaya ko na'urar ta san gaibu ne. Na ce a'a, wannan na Allah ne. Ba jikin Inna ba ne, lissafi ne na yadda ciwon ya saba yi. Ya ce in mayar da ɗigon, in tura lokacin har bayan kaka. Na yi haka sau da yawa, wani zubin ciwon ya tsaya, wani zubin ya tafi. Baba yana bin ɗigon da yatsansa mai ƙasar gona.

"Wannan ai wuta-wuta ce," ya ce a hankali. "In ka bari ta yi fure, ko ka tuge ta, ta riga ta zuba iri a gonar."

Ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ce Inna ta haɗa kayanta gobe za a tafi birni. Ashe tana tsaye a bayan ƙyauren tun ɗazu.

"Malam, ai sun kwana uku a ƙulle," ta ce.

An yi aikin, ta sha wahalar magani wata da watanni, yau jikokinta take goyo. Tun daga nan na san cewa mutumin da ya binne 'yan'uwansa ba ya sauraron iliminka sai ka fara yarda da abin da idonsa ya gani.