Fim Ɗin da Baba Ya Shafe Ƙarshensa

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki a 1999, kowa a Wudil murna yake yi, ni kuwa ina bayan rumbu ina kukan takaici.

Kaset ɗaya tal muke da shi na fim ɗin Turawa, wani tsoho marar kala da kawunmu ya samo a Kano, ko suna babu a jikinsa. Labarin wani ɗan leƙen asiri ne mai malafa da doguwar kwat, yana farautar munafukin da ke sayar da sirrin ƙasarsu a cikin abokan aikinsa. Yaya Sani ke fassara mana, rabi gaskiya, rabi abin da ya ga dama. Kallon ma a gutsuttsure muka yi shi. In an kawo wuta, muna gona a Indabo muna shukar gero. In mun dawo, an ɗauke. In aka yi dace, sai Inna ta ce randa ba ruwa. Ni na kafe direban ofishinsu ne munafukin, Yaya ya ce matar nan ce mai busa sigari, har muka yi yarjejeniya: wanda ya faɗi, shi zai yi wa ragonmu yankan ciyawa duk damina.

Ranar Juma'a mai malafa ya tara su a ɗaki, ya ɗaga yatsa zai nuna, wuta ta ɗauke. Kaset ya kwana a cikin bidiyo.

Da safe muna ɗiban ruwa aka dawo da wuta. Baba ya ga an fara bikin rantsarwa a talabijin, ya danna maɓallin ɗauka abinsa. "Wannan tarihi ne, na ajiye wa 'ya'yanku," in ji shi da muka dawo. Muka mayar da kaset baya. Yatsa ya ɗaga, hoto ya yi rawa, sai ga sojoji suna fareti.

"Baba, ƙarshen fa?"

"Kai, tafi can! Ƙasa ta samu lafiya, kana zancen mai malafa."

Ciyawa dai ni na yanke ta, don ni ne ƙarami.

Yanzu finafinai fal a wayata, na duba har na gaji, amma duk mutanen cikinsu malafa ce da kwat, ga shi ban san sunan namu ba. Baba ya rasu, 'ya'yana kuma ko sau ɗaya ba su nemi ganin faretin ba. Har yau yatsan nan yana sama, kuma har yau na ce direban ne.