Dafina Mai Tsinkar Beladona

Dafina 'yar manoman alkama ce. Aure ne ya hau da ita tsaunukan Bulgeriya, gidan masu tsinkar ganyen beladona, wani tsiro mai dafi. Da zafi ya shigo sai su bazama daji su tsinko, su shanya a inuwa, motar masu haɗa magani ta zo ta kwashe, a yi ƙwayoyin murɗawar ciki da shi.

A satinta na farko gumi ya gangaro mata, ta sa hannu ta murje idon dama. Kafin rana ta take, komai ya yi mata dishi-dishi. Ta ruga gida ta duba madubi, sai ta ga ƙwayar idon ta buɗe, baƙa wuluk, ɗayan kuwa lafiya lau. Kakarta da makanta ta mutu. Nan ta zube bakin ƙofa tana kuka.

Surukarta Kera ta kama haɓarta ta leƙa, sai ta tuntsire da dariya.

"Inna, makancewa fa nake yi, kina dariya?"

"Makanta a gidan wa? Ganye ne ya yi miki maraba. Ban ce ki wanke hannu ba?"

"Cewa kika yi kar in ci 'ya'yan."

"To, yau kin ji saura. Tashi ki sha nono, raguwa."

Dafina ba ta yarda ba. Kwana huɗu idon na ɗaure da ƙyalle, tana tunanin yadda mijinta Stoil zai riƙa jan ta da sanda. Ran na biyar ta kwance, ta ɗauki allura ta zura zare tashi ɗaya. Ta zare, ta sake zurawa, har sau uku, tana dariya ita kaɗai.

Shekara talatin da takwas ta yi tana wannan aiki, da guntun sabulu a aljihu.

Da suka manyanta, ciwon ciki ya kama Stoil, yana birgima yana roƙonta ta dafa masa ganyen.

"Ka gaji da duniya ne, tsoho? Wannan sai da awo."

Ta tura shi cikin motar maƙwabci zuwa wurin likita. Aka duba aka ce hanji ne kawai ke ɗaurewa, aka ba shi ƙwayoyin da aka yi da ganyen nan nasu. Da la'asar ya zauna gindin bishiya yana mitar ƙwayoyin sun busar masa da baki, yana tambayar ko akwai sauran miyar wake.

Ta zuba masa har sau biyu.