Dutse Mai Tsini Uku na Doña Nicasia

Guguwar bara ta cinye rogon garinmu Palo Jagua kaf, in ka cire gona ɗaya. Kogi ya tashi ya bi fadama, ya bar mana yashi da mushen awaki a inda da akwai shuka. Abin da ruwa bai tumɓuke ba ya ruɓe a ƙasa, icensa ya yi baƙi. Wanda bai san noma ba zai ce asarar shekara guda ce. Ba haka ba ne. Rogo ba ƙwaya ake shukawa ba, icen bana shi ne irin baɗi. In babu ice, babu baɗi.

Gonar da ta tsira ta Doña Nicasia Peralta ce, can bisa tudu. A kanta nake wannan rubutu, domin ta ajiye noma kuma ban ga wanda ya yi niyyar buɗe baki ya ce mata sannu ba. Sunana Fermín, mai a-kori-kura. Ban yi nisa a makaranta ba, amma abin da idona ya gani zan iya faɗarsa. Tun ina saurayi nake kai mata itace, in ɗauki gurasar rogonta, kasabe, in kai kasuwa. Matata Yudelka 'yar ƙanenta ce.

Gari bai gama wayewa ba za ka hango hayaƙi a rumfarta. Ta hura wuta ƙarƙashin kasko, ta ɗora kofi, ta zauna tana feraye rogo da wata wuƙa da wasawa ta cinye har ta koma kamar tsinke. Rogo mai ɗaci take nomawa, wanda in akuya ta sha ruwansa sai dai a haƙa mata rami. Matan unguwa su zo su goge shi, a zuba a buhu, a danne da dutse har gubar ta tsiyaye, a tankaɗe. Ita kaɗai ke tsayawa a kasko. Ta watsa gari, ta baza shi da tafin hannu, ta juya faifan gurasar ba tare da ya tsage ba. Tafin hannun nan ya daina jin wuta tun kafin a haife ni.

Ana aikin bakinta ba ya hutawa. A rumfar nan na fara jin sunan Yucahu, mai rogo da teku, wanda ke da uwa amma ba shi da uba. A nan na ji Atabey, uwar tasa, mai koguna da ƙoramu, wadda mata ke kira in naƙuda ta yi tsanani. Na ji labarin tsoho Yaya da ya rataye ƙasusuwan ɗansa a cikin gora, suka zama kifi, wasu 'yan'uwa huɗu marasa kunya suka shigo sata suka saki goran ya fashe, ruwan da ya malalo shi ne tekun da ya kewaye mu. Matattu kuma, in ji ta, gwaiba ce abincinsu, kuma ba su da cibiya. Duk ranar da na makara da itace sai ta ce, "Fermín, ɗaga rigarka in gani. Wannan tafiyar taka ba ta mai rai ba ce."

Ni kuwa ba na raga mata. Na taɓa ce mata, "Inna, a makaranta an ce Taino, mutanen farko na ƙasar nan, sun ƙare tun zuwan Sifaniyawa."

Ta ce, "Kai da ka yi kwana nawa a makarantar?"

"Ranar da aka faɗi wannan dai ina nan."

"To in sun ƙare, wa ya koya wa kakata fitar da guba daga rogo? Sifaniyawa? Je ka duba madubi, ka dubi ƙashin kumatunka, sannan ka dawo ka sauke mini itacena."

Ba ta taɓa fashin coci ranar Lahadi ba, kuma ba ta ga wani karo tsakanin wannan da wancan ba. Cewa take, "Allah ɗaya ne. Waɗannan sunayen da kakannina suka bar mini ne, ba zan zubar da su a bola don wani ya ji daɗi ba."

Sunaye ba su kaɗai aka bar mata ba. Akwai dutse. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu biyu ba, tsininsa uku, a gefe ɗaya an sassaƙa fuska da baki buɗe. Na Yucahu ne. Daga uwa zuwa 'ya yake tafiya a gidansu, ita kuwa ba ta da 'ya mace. Ranar shuka takan tara ƙasa tsibi-tsibi kamar yadda mutanen da suke yi, ta binne dutsen a tsibin da ya fi tsawo. Ba a taɓa shi sai an gama girbi. Dokar gidansu ce, kuma duk macen da ta taɓa goge rogo a rumfar ta san ta: wadda ta ɗaga dutsen rogo na ƙasa, nomanta ya ƙare. Ranar za ta miƙa shi ga ta bayanta, kuma ƙafarta ba za ta sake shiga gona ba. Uwarta haka ta yi da ciwo ya ci ƙarfinta.

Ni ban yarda dutse na sa rogo ya yi ƙiba ba. Taki ne da ruwan sama da gumin mutum. Na faɗa mata haka sau da yawa. Takan ce, "Ai ba kai na binne wa ba."

Da guguwar ta wuce, na hau tudu na same ta tana zagaya gonarta. Iska ta kwashe rufin rumfa, amma rogon na tsaye, ruwa ya bi tsakanin tsibin ya gangare. Ta ce Guabancex ce ta wuce, uwar guguwa, ta aiko mai tsawa a gaba, mai tara ruwa a baya, kamar kullum. Sannan ta ce, "Ka zaga gari da motarka. Kowa ya zo da addarsa."

Na ce, "Inna, rogon nan bai nuna ba. In aka sare icen yanzu, saiwar za ta koma ruwa. Kaskonki zai kwana ba wuta har baɗi."

"Na tambaye ka?"

"Ba ki tambaye ni ba, amma hauka ne."

"To haukana ne. Tayar da motar."

Haka aka yi. Mutane suka yi ta hawa tudu suna saukowa da damin ice a kafaɗa. Ba ta tsaya auna wa kowa ba. Wanda ya taɓa kiranta mayya a bayan ido ma ya ɗauka, ta ce masa ya gai da gida.

Mutum ɗaya ne bai zo ba. Eleuterio, mai wa'azi a ƙaramar cocin bakin gada. Kada wani ya ɗauka mugu ne. Ranar ambaliya shi ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ruwa ya fito da tsofaffi a bayansa, har da uwata. A da mashayi ne, coci ta raba shi da kwalba, tun daga nan in ya riƙe abu ba ya saki. Gidansa cike da 'ya'ya, gonarsa ta koma yashi. Ya ce shi ba zai shuka icen da ke tsaye a kan gunki ba.

Damina na shirin ɗaukewa. In bai shuka a 'yan kwanakin nan ba, shi ke nan. Matarsa Ramona ta zo wurin Yudelka tana kuka, ta ce ayabar da ta rage musu ta kusa ƙarewa. Na je na ce wa Doña Nicasia abin mai sauƙi ne. In loda icen a mota, in zagaya ta babbar hanya, in ce masa daga wani gari na samo.

Ta ce, "Ba za a ciyar da 'ya'yan mutumin nan da ƙarya ba. Je ka kira mini shi."

Ya zo da hantsi, ya tsaya a bakin shinge, hularsa a hannu. Sauran icen da ba a sare ba yana can sama, kewaye da babban tsibi.

Ta ce, "Eleuterio, ni na yanke maka cibiya. Yau kai ne kake gudun gonata?"

"Doña, ba ke nake gudu ba. Kin san abin da ke ƙasan nan."

"Na sani, ni na sa shi. 'Ya'yanka fa, wa'azi za su ci?"

"Ubangiji ba zai bar su ba."

"To ga shi bai bar su ba, ga ice nan tsaye. Kana jira ya sauko ya sara maka da kansa?"

Matan da ke wurin suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Muddin abin nan na cikin ƙasa, addata ba za ta taɓa gonar nan ba."

"In ya fita fa?"

Ya ce, "In ya fita, zan yi addu'a a kan gonar, in sara."

Bai san dokar ba. Namiji ne, bai taɓa zama a rumfa ba. Amma matan sun sani, dariya ta ɗauke. Yudelka ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, rogo na ƙasa fa."

"Idona bai mutu ba."

Ta hau tudun ita kaɗai. Ba ta ɗauki fartanya ba, da hannu ta tona. Muna kallo ta ɗago shi, ta share masa ƙasa da bakin zanenta, ta ɗan jima tsaye. Sai ta sauko ta wuce shinge, ta danƙa wa matata. Matata da ke gyaran gashi a cikin gari, faratanta dogaye ja wur.

Yudelka ta ce, "Inna, ni? Ban iya ko tara tsibi ba."

"Za ki iya. Fara da yanke waɗannan ƙahonin na hannunki." Ta juya ta ce, "Eleuterio, gona ta zama fili. Yi addu'arka, kada ka ja ta da tsawo, rana na yi."

Ya durƙusa ya yi, ya sari icensa, ni na kai masa gida.

Ramona ce ta gaya masa abin da ya jawo. Washegari sai ga shi ya hau tudu kusan a guje. Ina nan ina gyara rufin rumfa. Ya ce, "Doña, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ki mayar da shi, na yarda."

Ta ce, "Kana da dokarka, ban ce ka karya ba. Ni ma ina da tawa. Zauna ka sha kofi."

Doña Nicasia, ke ce kika ciyar da garin nan da hannun da wuta ta gasa. Ke ce kika riƙe mana sunayen da aka ce sun mutu, ba a littafi ba, a bakin kasko, inda kowace mace za ta ji ta kai gida. Uwar rogo, mai baki kamar barkono. Kin zage ni fiye da yadda uwata ta zage ni, kuma ban taɓa barin rumfarki da yunwa ba. Na gode. Palo Jagua ta gode, ko da ba ta iya faɗa ba.

Bana fadama ta yi kore. Da yawa sun koma tara tsibi. Rogon farko da Eleuterio ya haƙa, a kafaɗa ya kawo mata. Babbar 'yarsa tana zuwa guga a rumfa yanzu, kuma ranar nan na ji ta tana ba ƙannenta labarin goran Yaya. Uban ya ji, ya ce tatsuniya ce kawai, bai hana ba. Yara sun fara tare mutane a hanya suna cewa a nuna musu cibiya. Yudelka ta yanke farata, ta binne dutsen da hannunta. Na ce mata har yanzu ban yarda da shi ba. Ta ce ai ba ni ta binne wa ba.

Ku da kuke da tsohuwa a gida mai irin waɗannan labarai, ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya ba ku amsa. In an bar muku wani abu na kakanni, ku riƙe shi da kyau. In kuma ranar ta zo da maƙwabci zai kwana da yunwa saboda shi, kun dai ji yadda wata ta yi.

In kun hau tudu da safe za ku gan ta. Na kafa mata kujera a bakin shinge, ta wajen gona. A nan take zama tana daka wa Yudelka tsawa, wai tsibin nan ya yi gajarta, wai icen can an dasa shi a juye. Wani lokaci sai ta manta ta miƙe, ta kai hannu ga ƙyauren shingen, sai ta tuna ta koma ta zauna. Lafiyarta ƙalau, ƙarfinta na nan, da za ta iya noman wasu shekaru masu yawa, kuma ta san haka. Tun ranar da ta sauko da dutsen nan ƙafarta ba ta sake taka gonarta ba.