Kawu Mai Agogo da Baƙar Sarewarsa

Kawuna gyaran agogo yake yi, a wani ɗan shago da idan ya miƙe hannu sai ya taɓa bango biyu. Duk unguwa Mai Agogo ake ce masa. Mutum ne da bai yarda akwai abin da aka haɗa da hannu wanda ba zai gane kansa ba. Wannan hali ya ci da shi, kuma shi ya ja mana abin da zan faɗa.

Tun kafin a haife ni ya tsinci kilarinet a wajen gwanjon kayan wata makaranta da aka rufe. Baƙar sarewa ce mai maɓallan ƙarfe, a warwatse gida biyar cikin akwati. Babu littafi, babu mai nuna masa. Ya baje ta a teburin aiki, ya maƙala gilashinsa a ido, ya haɗa ta kamar yadda yake haɗa cikin agogo. Akwai wani siririn ɓallin gora da ake ɗaurawa a bakinta, shi ke kaɗawa ya ba da sauti. Kawu harshe yake kiransa. Da na cikin akwatin suka ƙare, sai ya koma feƙe nasa da reza.

Shekara biyu maƙwabta suna tsine masa, daga baya suka fara jawo benci su zauna su saurara. Matarsa takan ce da agogunan mutane suna samun rabin kulawar da sarewar nan ke samu, da babu mai makara a garin. Ya koya wa mutum goma sha ɗaya, bai karɓi komai ba. Ni ce ta ƙarshe, ɗiyar ƙanwarsa, kuma ni yake nunawa idan baƙo ya zo.

Da makarantar koyon kiɗa ta kira ni gwaji a babban birni, Kawu ya rufe shago ya ce shi zai raka ni. Dukanmu ba mu taɓa zuwa ba. Buri ɗaya gare shi: kada in shiga gaban masu gwaji da harshen da aka feƙe da reza. Sai na kanti, na gaske.

Ana gobe gwajin muka fita nema tun da hantsi. Kawu ya zana harshen a bayan ambulan, yana nuna wa duk wanda ya yi kuskuren haɗa ido da shi. Wani direba ya tura mu layin masu lasifika. Masu lasifika suka tura mu wajen mai jita da piyano, shi kuma ya juya ambulan ɗin sama da ƙasa ya ce ko abin goge farce ne. Kawu bai ji haushi ba. Ya tsaya yana ba shi tarihin sarewar tun daga ranar gwanjo, da ƙarfi, yana nuna ni da yatsa. Ni kuwa na ja da baya na zuba wa takalmansa ido, duk ƙura, ɗaya an ɗinke shi da zare mai wani launi daban. A gida ban taɓa lura da su ba. A nan na fara barin taku uku tsakanina da shi.

Sai bayan azahar wani mai gadi ya nuna mana wata matattakala a gefen shagon tabarau. A sama muka tarar da ɗaki mai ƙamshin man itace, ga sarewu jere a cikin gilashi. Mai shagon wata dattijuwa ce, tana zaune tana liƙa wa maɓallan wata kilarinet sabuwar fatar toshe iska. Kawu ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani shago ba.

"Sannu da aiki, Malama. Harshe muke nema, mai kyau. Gobe za a gwada ta."

Ta ɗauko kwali ta zaro ɗaya ta miƙo mini. "Ɗaura ki busa mu ji, 'yata, in ga ko ya yi miki tauri."

Na ɗaura, na busa waƙar da na fi iyawa. Sautin ya fito tas, har ni kaina na ji daɗi. Da na sauke, sai na ga ba sautin take saurare ba, bakina take kallo.

"Kullum haka kike ɗaurawa? Harshen yana sama?"

Na ce eh.

"A ƙasa yake zama, a kan leɓen ƙasa. Kin kifa bakin gaba ɗaya." Ta karɓa ta juya shi ta nuna mini. Ba ta yi dariya ba, amma wani mutum da ke duba littattafai a gefe ya yi, ƙasa-ƙasa. "Kunnenki na da kyau. Wa ya koya miki haka?"

Kawu yana tsaye a gefena, hularsa a hannu. Ina jin numfashinsa. Na ce, "Ba kowa. Ni na koya wa kaina."

Ta dubi Kawu. Ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Ni rakiya na yi."

Ta ce kada in canza komai kafin gobe, kwana ɗaya ba ya gyara bakin shekara tara. In busa yadda na saba, amma in san za su tambaya. Muka karɓi kwalin muka fito.

A tsakiyar matattakala Kawu ya tsaya, ya karɓi akwatin daga hannuna. "Jira ni a nan, Auta."

Ya koma sama. Ƙofar ba ta rufu duka ba, don haka na ji komai.

"Malama, ba laifin yarinyar nan ba ne. Ni na koya mata. Su goma sha ɗaya ne, duk haka na ɗora su. Ki nuna mini yadda ake yi, in koma in gyara."

Daga nan sai ƙarar sarewa. Mutumin da ya shekara talatin yana sa mutane jawo benci, yana ƙiƙi-ƙaƙa kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Ya tsaya, ya sake. Ya tsaya, ya sake. Taku takwas ne tsakanina da ƙofar, na ƙirga su ya fi sau goma. Abin da ya rage mini kawai in hau in ce, "Kawuna ne, shi ne malamina." Ban hau ba. Na zauna a wurin, kunya ta rufe ni har ina jin zafi a kunnuwana.

Da ya sauko, leɓensa na ƙasa ya kumbura. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

"Kin yi hankali da ba ki faɗa ba. Idan sun ji wai da kanki kika kai nan, za su ce baiwa ce. Idan sun ji mai gyaran agogo ne, za su ce an ɓata ki. Gobe ma haka za ki ce."

Da faɗa ya yi mini, da na samu sauƙi. Ko a fuska bai nuna ba. Ya riƙe akwatin har masauki, yana ta yaba wa matar nan da tsabtar aikinta.

Washegari na shiga ɗakin gwajin. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, taga a buɗe, ta cikinta ina hango Kawu a kan benci a baranda, ya karkato kai yana saurare. Na busa, kuma ban taɓa busa mai kyau irin ta ranar ba. Na tsakiyarsu ya ajiye biro ya ce abin mamaki ne, an kifa baki amma sauti ya fita haka. Sai ya tambaye ni wanda ya koya mini.

Na dubi taga. Kawu ya gyaɗa mini kai.

Na ce, "Ba kowa." A wannan karon ko muryata ba ta yi rawa ba.