Ni da Jarkokina a Hanyar Kwatano

Agege
Ana kiran assalatu muka tashi daga Agege ranar Juma'a, ni da Habu direbana. Nasiru, ɗan yayana marigayi, za a ɗaura wa aure a Zangon Kwatano bayan an sauko daga masallaci, ni ne kuma waliyyinsa.

Tun da aka cire tallafin mai na addabi majalisarmu da wa'azin tanadi: wai ƙasa mai hankali tana ajiye mai saboda ranar da zai yi wuya. Don a ga misali a kaina, na cika jarkoki da mai na jera a but ɗin mota, har da ƙasan kujera.

"Alhaji, Kwatano fa za mu, ba daji ba," in ji Habu.

Na ce masa ya ja mota, harkar makamashi ta fi ƙarfin kansa.

Seme
Da hantsi muka iso iyaka. Jami'in kwastam bai ma buɗe but ba, hancinsa ne ya fara gaisawa da kayana. Na shiga yi masa lacca kan ƙarancin man da ke tafe. Ya saurara tsaf, sannan ya tambaye ni wa nake kai wa. Ashe kamata ɗaya da 'yan fasa-ƙwauri, babbar riga kawai na fi su. Aka sauke jarkokin, aka ajiye ni a benci har azahar ta gota.

Akpakpa
Da muka shiga Kwatano ta unguwar Akpakpa, kowace kwana ga mai a kwalabe jere a kan tebur, mata na ɗura wa 'yan babur. Habu kuwa duk teburin da muka zo wucewa sai ya rage gudu.

Zango
Mun tarar ana naɗe tabarmi. Wani dattijo ya riƙe hannuna. "Sannu Alhaji, duwan ne suka riƙe ku a kan iyaka? Liman ya jira har mutane suka fara zamewa. Wani tela maƙwabcin Nasiru ne ya karɓa masa auren."

Nasiru ya zo ya durƙusa. "Ba komai Baffa, tunda kun iso lafiya." Idonsa ja wur. Kunya ta kama ni, don duk duniya ni kaɗai na rage masa a dangin uba.

Ranar Asabar muka dawo gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa telan nan. Har yau na kasa tambayar sunansa.